Arzika Mai Rakiya da Ƙwarya ta Bakwai

A zamanin da tafiya daga Gwandu zuwa Sakkwato sai da ƙafa ko kofato, kowane babban gari a kan hanya yana da mutum guda wanda aikinsa rakiya. Baƙo in ya zo da takardar manya, ba a barinsa ya riƙa tambayar hanya kamar mai cigiyar akuya. Ubanƙasa yakan damƙa shi ga mai rakiya, mai rakiya ya kai shi gari na gaba, ya damƙa wa na can hannu da hannu, da lafiyarsa da kayansa da takardarsa. Na Shagari a shekarun nan Arzika ne, kuma iyakar tafiyarsa Boɗinga.

Haifaffen Horo Birni ne, ɗan manoman albasa. Mahaifiyarsa ta rasu yana shekara uku, yayarsa Atika ce ta goya shi, ita ke ba shi tuwo, ita ke ba shi kashi, duk da hannu ɗaya. Da ya tasa aka sa shi jan jigo a lambu, nan aka gano yaron yana da ciwo biyu marasa magani: ƙafarsa ba ta zama, bakinsa ba ya rufuwa. Da ya hangi matafiyi sai ya saki jigo ya bi shi, ya dawo da la'asar da labari cike da baki, albasa kuwa ta yi yaushi. Ubansa ya yi faɗa ya gaji, ya yi addu'a ya gaji, ƙarshe ya ja shi gidan ubanƙasa ya ce tunda bin baƙi zai yi, gara ya bi su da izini.

Haka ya shekara talatin yana auna hanyar nan. Gajere ne, tafin ƙafarsa ya yi kaurin da ƙaya in ta gan shi ita ke kaucewa. Ya raka mutanen Borno da na Nupe, ya raka Buzaye, ya raka wani Balarabe da ya yi ta ƙorafin sauro tun daga Shagari har Sifawa. Duk abin da suka faɗa masa a hanya ya adana. In ya zauna kasuwa yana ba da labarin Kukawa sai ka rantse can aka yanke masa cibi. Matarsa Mairo kaɗai ke rage masa gudu.

"Malam," takan ce, "shekarar da kat tahi Agadas, ba ita ta wadda kak kwanta ɗakin ga da ciwon haƙori ba?"

"Mairo, kunne ma na tahiya," yakan ce, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Amma a wurin aiki ba wasa. Arzika bai taɓa rataya takobi ba. Makaminsa wata tsohuwar al'ada ce da kowa ya sani, shi kuwa ya mayar da ita sana'a. Baƙo ba a tambayarsa daga ina ko wurin wa sai ya sha ruwa. In kuwa ya sha daga ƙwaryar gidanka ya zama amanarka, abin da ya same shi a ƙasarka kai ya sama, har jikokinka sai sun gaji gorin. Don haka Arzika ba ya kewaye ƙauye. Kowace tunga sai ya tsaya ƙofar mai gari an ba baƙonsa abin sha, sa'annan ya faɗi ko wane ne. Yakan ce mutanen da ka kewaye, a bayanka suke biyo ka.

Abu guda ne ba ya ba da labarinsa a kasuwa. An aurar da Atika a wani gari can yamma, bakin gulbi, tun ana zuwa ana dawowa. Sai yaƙi ya sake tashi tsakanin Kabi da Sakkwato, aka wayi gari garin nan ya faɗa ɓangaren Kabawa, hanya ta rufe. Shekara goma sha takwas ke nan. Sau ɗaya wani mai fataucin gishiri ya ce ya gan ta, tana raye, tana da jikoki, kuma har yanzu faɗa take yi. Arzika ya ba mutumin albasa kwando guda saboda wannan na ƙarshen, don da shi ya tabbata ita ce.

Wata safiya cikin bazara, rana ba ta ko gama fitowa ba an fara gumi, ubanƙasa ya aika a kira shi. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah shi ba ka nasara, shi ja zamaninka, ga ni."

A gefen ubanƙasa akwai wani dattijo dogo, siriri, da gafaka rataye a kafaɗa. Arzika ya ɗaga ido sau ɗaya ya mayar ƙasa. Tsagar Kabawa ce a fuskar mutumin, zane-zane tun daga gefen baki har kunne, irin wadda ko yaro ba ya ɓatanta.

"Wanga Malam Ummaru na, manzon mutanen Kabi," in ji ubanƙasa. "Takardar neman sulhu ta cikin gafakar ga. Ka kai shi Boɗinga kahin magariba, su can su wuce da shi Sakkwato. In ko ƙwarzane yas same shi bisa hanya, zancen sulhu ya mutu, hanyar yamma ta ƙara shekara ishirin ruhe. Ka ji?"

Arzika ya ji. Ya ma ji fiye da abin da aka faɗa, domin shekara ishirin Atika ba ta da su a gaba.

"Ranka shi daɗe, ba a haɗa mu da mahaya ko biyar?"

"Doki biyar in sunka hito, kowa cewa zai yi yaƙi na. Jaki guda, kasuwa ta. Ga jaki can."

Matsalar ita ce tsakanin Shagari da Boɗinga ba tungar da ba ta da abin da take bin Kabawa: wannan an kore masa shanu, wancan an ƙone masa rumbu. Arzika ya zagaya manzon yana dubansa kamar mai sayen rago, sa'annan ya ce ya ja amawalinsa ya rufe fuska har ƙarƙashin ido. Dabara ta zo masa nan take, kuma ya ji daɗinta ƙwarai. Babban malami ba ya ci ba ya sha a gaban jama'a. Za a bar shi a zaure shi kaɗai, ya sauke amawali, ya sha, ya mayar. In ƙwarya ta fito wayam, sai a yi bayani.

A Tungar Malami, tunga ta farko, abin ya tafi kamar an zana. Mai garin, Malami, ya shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai sanyi, kowa ya fita ya ba malam wuri. Da ƙwarya ta fito, Arzika ya karɓe ta, ya kife ta gaban mai gari don ya ga ba saura, sa'annan ya gyara murya ya faɗi ko wane ne baƙon. Malami ya dubi ƙwarya, ya dubi Arzika.

"Arzika, ka ɗaure ni da igiyata."

"Ni ban taɓa ka ba, Mai gari. Hurarka ta ɗaure ka, kuma ta yi daɗi, a gai da mai damu."

Malami ya yi tsaki mai tsawo, amma ya kira samarin tunga ya ce duk wanda ya bi bayan jakin nan ba shi ba garin. Haka aka yi a tunga ta biyu, haka a ta uku. A ta huɗu mai garin ya zagi Arzika har kakansa na Horo Birni, sa'annan ya ƙara musu da goro.

Abin da Arzika bai lissafa da shi ba, cikin manzo ne. Malam Ummaru mutum ne mai ƙaramin ci. Da suka bar tunga ta huɗu, in jaki ya taka sai ka ji cikinsa yana amsawa kamar salka.

"Malam Arzika," ya ce ta bayan amawali, "kurɓin ruwa guda ba shi isa?"

"Ruwa shina sa a ƙyale ka. Hura ka sa a tare maka hwaɗa. Kuma ta nan za ka komo, ka tuna."

"To in rage mana."

"Ka rage, macen da tad dama ta ce ka rena hannunta. Sulhu da maza sauƙi garai, Malam. Kada ka jawo muna wanda ba mu iyawa."

Bayan ta shida manzon ya sauka daga jaki ya ce gara ya taka. Ya ce da aka aiko shi ya yi sallama da iyalinsa, ya yarda in mutuwa ce ta zo, amma ba wanda ya gaya masa da ludayi za ta zo.

Arzika ya yi dariya, sai dai dariyar ba ta daɗe ba, don ya san abin da ke gaba. Kafin Sifawa hanya tana ratsa mashayar rugar Arɗo Sodangi, ba ta wani gefe. Shekara bakwai da suka wuce, ɗan farin Sodangi, Shaihu, ya kai shanu fadamar yamma da rani, aka yi arangama da Kabawa a bakin ruwa, shanu ba su dawo ba, shi ma bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari. Kuma da yake ɗan fari ne, daga uwa har uba ba wanda ya taɓa kiran sunansa yana raye saboda kunya, da ya mutu ma kunyar ba ta sake su ba. Sodangi ya daina dariya kawai. Matarsa Mairama ta ci gaba da damun fura kamar ba abin da ya faru, sai dai ta rame.

Suna hango bukkoki, Arzika ya tsaya cak ya dafe kai. Shekara talatin yana shan nono a rugar nan, sai yau ya tuna ruga ba ta da zaure. Ba bango, ba asabari, ba lungun da malam zai juya ya sauke amawali. Fili ne fetal da gawo guda.

Ashe ma wahalar tunanin ta banza ce. Matan ruga sun kai tallar nono Tungar Malami da hantsi, kuma labari a kan ƙwaryar nono ya fi jaki sauri. Sodangi yana zaune gindin gawo da sandarsa a gicciye bisa gwiwa. Bayansa 'ya'yan ƙanensa uku, manyan samari, kowa da baka a kusa da hannu. Mairama tana gefe, ƙwarya a gabanta rufe da faifai.

Aka yi sallama, aka amsa. Aka gaisa, lafiyar gida, lafiyar bisashe, ya zafi, ya ƙarancin ciyawa. Gaisuwa ta ƙare. Ba wanda ya motsa. Arzika bai taɓa jin tsoro a hanyar nan kamar yadda ya ji shi a wannan shirun ba, domin a ƙasar nan in gaisuwa ta ƙare ruwa bai zo ba, an gama magana.

Sai ya juya ya sauke wa jaki kaya. Ya ɗauko buzu ya shimfiɗa a tsakiyar rana, taki uku daga inda inuwar gawo ta tsaya. Ya ce wa manzo ya zauna, ya kuma sauke amawali. Malam Ummaru ya dube shi, ya ga da gaske yake, ya sauke. Tsaga ta fito fili. Ɗaya daga cikin samarin ya gyara zama.

"Arzika, shigo inuwa," in ji Sodangi. "Kai ba ni da rigima da kai."

"Arɗo, inuwar mai gida ta baƙon da anka ba ruwa ta. Mu ba mu kai nan ba tukuna."

"Ga gora nan, kai ka sha."

"Mai rakiya ba shi riga baƙonai sha." Ya share gumi da hannun riga. "Arɗo, ba ni ɓoye maka. Na taho da niyyar in yi maka wayon da niy yi ma mutum shida yau. Allah ya tsare ni, ya sa ba ka da bango. Ga shi nan, Bakabe na, sunanai Ummaru, takardar sulhu ya ɗauko. In ta isa Sakkwato wataƙila in ga Atika kahin ɗayanmu shi mutu. Ban da wani zance bayan wanga. Muna nan zaune."

Rana ta bazara ba ta san manzo ba, ba ta san mai rakiya ba. Ƙasa ta ɗau zafi har ta cikin buzu. Jaki, da yake shi ba ruwansa da al'ada, ya tafi abinsa ya tsaya a inuwa. Sodangi ya kau da kai yana kallon shanu, amma kowa ya san abin da yake gani: dattijai biyu suna gasuwa a ƙofarsa, kuma matan da suka kawo labari da safe za su kai wannan da yamma.

Can ya juyo ga manzon. "Takardar ga taka, tana maido wanda yat tahi?"

"A'a, Arɗo."

"Shanu hwa?"

"Ban sani ba. Ba ni yi maka alkawarin abin da ba hannuna shike ba. Abin da aka nema, a bar kai hari, a buɗe hanya, bisashe su sha gulbi da rani ba wanda ya tare su."

Mairama ce ta yi magana, kanta a sunkuye, tana gyara bakin faifai da yatsa, kamar da faifan take.

"Waɗanda sunka kwanta bakin ruwa, shekara bakwai yanzu, ranin da gulbi ya janye ƙwarai. Kuraye anka bar ma, ko an ruhe su?"

Samarin suka sunkuyar da kai. Ba su taɓa jin ta matso kusa da zancen nan haka ba.

"Inna, ban je wurin hwaɗan ba," in ji Malam Ummaru. "Amma washegari an kira mu, mu malaman garin da ke kusa. Mutum tara na, huɗu namu, biyar naku. Sahu guda munka yi musu salla. Munka ruhe su bisa tudu, gindin wasu giginyu uku, inda ruwa ba shi kai ko da damina. Ban san sunan kowa cikin naku ba. In hanya ta buɗe, mai son ganin wurin ni ka kai shi da ƙahwata."

Sodangi ya zuba masa ido. "Gaskiya kaka hwaɗi, ko ƙishirwa ka magana?"

"Arɗo, ƙwarya shida na cikin cikin ga tun sahe. Da ƙarya za ni yi, da wadda za ta hana a ba ni hura zan yi."

Ƙaramin cikin samarin ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta kuɓuce masa ta hanci. Sodangi ya harare shi, amma gefen bakinsa shi ma ya ɗan motsa. Sa'annan ya miƙa hannu ya ɗage faifan daga kan ƙwarya.

"Ku taso cikin inuwa, kada a ce rana ta kashe mutum ƙohwar Sodangi."

Mairama ta dama da hannunta, ta kawo ta ajiye gaban manzon. Ƙwaryar ta fi duk shidan da suka wuce girma, irin wadda ake tara nonon safe a ciki. Malam Ummaru ya dube ta, ya dubi Arzika. Arzika ya ɗaga kai yana nazarin ganyen gawo.

"Shanye," in ji Sodangi. "Nan ba a ragi."

Ya yi bisimilla ya kama. Ya sha, ya huta, ya sha, ya yi salati, ya sha. Ba wanda ya taya shi, ba wanda ya gaggauta shi. Da ya kai ƙasan ƙwarya hawaye na bin tsagarsa, kuma ba wanda ya tambaye shi na mene ne.

Sodangi ya miƙe, ya ce wa samarin su mayar da bakunansu bukka. Ya saɓa sanda a kafaɗa ya shiga gaba, ya raka su da kansa har suka hango masallacin Sifawa. A nan ya tsaya.

"Ban ce na yahe ba," ya ce wa Arzika a hankali. "Na ce ya sha."

"Shi niz zo nema, Arɗo."

Sun shiga Boɗinga rana tana ja. Arzika ya kama hannun manzo ya sa a hannun mai rakiyar can, ya ce ga shi da lafiyarsa da kayansa da takardarsa, sai dai a yi masa rai, duk wanda ya nufo shi da ƙwarya a daren nan a tare shi a ƙofa. Malam Ummaru ya tambaye shi ko akwai abin da zai yi masa in ya koma gida. Arzika ya faɗi sunan garin da sunan mijin Atika.

"Ka ce mata Arzika na nan. Ka ce ya yi gemu, har ya hwara hwari."

Sulhu ba ya nuna da wuri kamar kabewa. Takarda ta je, amsa ta dawo, wata ta sake zuwa. Sau uku Arzika ya raka Malam Ummaru cikin daminar nan, fuska a buɗe, kuma a kowace tunga yanzu kurɓi guda yake yi a yafe masa sauran, ban da rugar Sodangi. Bayan an yanke gero aka yi shela a kasuwar Shagari cewa hanyar yamma ta buɗe, mai zuwa ya je, mai dawowa ya dawo.

Arzika ya fara shirin tafiya, sai ga wasu baƙi daga Nupe da ba mai kai su Boɗinga sai shi. Ya kai su, ya kwana, ya juyo. Da ya iso ƙofar gidansa da azahar ya ga baƙon jaki a ɗaure, da ɗaurin busasshen kifi an jingine a zaure. Daga cikin gida wata murya ke tashi, ta tsufa, ta dushe, amma ba ta rage komai ba, tana koya wa Mairo yadda ake jera tukwane, Mairo kuwa mai bakin nan sai "to, Yaya" take cewa.

Ya yi sallama a ƙofar gidansa kamar baƙo. Wata 'yar tsohuwa ta leƙo, ta ƙanƙance ido, ta dube shi tun daga rawani har tafin ƙafa. Ta ɗaga sandarta ta nuna bayan ɗaki.

"Kai, wa ya koya maka barin rumbu da jinka ruɓaɓɓa? Damina guda ta rage mai."

Arzika, mai shekara hamsin da ɗoriya, wanda ya zaunar da manzon Kabi a rana, ya durƙusa a ƙasa kamar yadda yake yi a Horo Birni.

"Gobe in gyara, Yaya."

"Yau," in ji Atika, ta dafa kansa, ba ta kuwa ɗauke hannun ba.